PCR ko Karanta Jinom: Wanne Ya Dace da Tantance SCCmec?

Ɗaliban lab a Idi-Araba da Yaba, a Legas, na yawan tambayata wanne za su ɗauka wajen tantance nau'in SCCmec: PCR ko karanta jinom. SCCmec guntun sinadarin gado (DNA) ne mai yawo tsakanin ƙwayoyin cuta na staf (Staphylococcus), yana ɗauke da mecA, abin da ke sa su bijire wa maganin metisilin. Haɗin sassansa biyu, mec da ccr, ake dubawa a raɗa masa lamba, kamar II ko IV.

PCR, hanyar ninka wani zaɓaɓɓen guntun DNA don a gano shi, ta fi araha da sauri, amma abin da ka aike ta nema kaɗai take gani. Baƙon tsari zai wuce ta, kuma wannan na damuna ƙwarai. Karanta jinom, wato dukkan DNA na ƙwayar, na fallasa guntun dukansa, bayanan kuma su yi amfani shekaru masu zuwa, sai dai tsada da buƙatar gwanin kwamfuta.

Mai tarin samfura da ƙaramin aljihu, PCR ta ishe shi. Mai farautar sabon nau'i, sai jinom.