Ofishin kayan tsintuwa na wani lambun shaƙatawa a Jidda: yadda jakar Gwaggo ta dawo hannunta

A daren wata Alhamis cikin watan Sha'aban muka ɗauki Gwaggo, ƙanwar mahaifina wadda ta zo Umra daga Kano, muka kai ta wani lambun shaƙatawa da ke arewacin Jidda domin ta sha iska tare da yara kafin ta koma gida ranar Lahadi. Duk wanda ya zauna a wannan birni ya san cewa daren Alhamis shi ne daren fita, tun da hutun mako ya koma Juma'a da Asabar a shekarar 2013, kuma ba a cika lambu sai bayan sallar Isha, lokacin da zafi ya ɗan sassauta. Mun shimfiɗa darduma a kan ciyawa, an sha shayi, an ci abinci, sannan muka tashi wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Sai da muka kusa isa gida Gwaggo ta laluba gefenta ta ce, "Ɗan nan, ina jakata?" A cikin jakar akwai fasfo ɗinta, da riyal 640, da tabarau, da maganin hawan jini, da carbin da ta saya a Madina.

Na rubuta wannan sharhi ne saboda yawancinmu Hausawa mazauna Saudiyya, da baƙinmu masu zuwa Umra, ba mu san inda ake dosa ba idan abu ya ɓace a irin wannan wuri, kuma da yawa sukan ce Allah ya mayar da alheri su haƙura, alhali kayansu na ajiye a wani ɗaki ana jiran mai shi. Ba zan ambaci sunan lambun ba, domin akwai abin da zan yaba akwai kuma abin da zan kushe, kuma ba na son kushen ya faɗa kan wani ma'aikaci da ya yi iya ƙoƙarinsa.

Lambunan gwamnati a biranen ƙasar nan suna ƙarƙashin hukumar birni, wadda a Larabce ake kira Amana, kalmar da mu ma muke da ita a bakinmu da ma'anar abin da aka ba ka ka tsare. Hukumar tana da lambar waya 940 da manhajar Balady, inda ake kai ƙorafi kan fitilar da ta mutu ko sharar da ba a kwashe ba, sannan a yankin Makka, wanda Jidda take ciki, lambar 911 ce ta gaggawa. Ni dai ban fara da waya ba. Na juya mota na koma lambun da kaina, kuma a ganina wannan shi ne matakin da ya fi amfani, domin kayan da aka tsinta a lambu hannun masu shara da masu gadi suke fara shiga kafin labarinsu ya kai ga kowace kwamfuta.

Wahalar farko ita ce gano ɗakin. Lambun yana da allunan da ke nuna banɗaki, da masallaci, da wurin wasan yara, amma babu ko ɗaya da ke cewa ga inda ake neman abin da ya ɓace, wanda Larabawa suke kira mafƙudat. Na tambayi mai sayar da masara ya tura ni ƙofar gabas, na tambayi wani mai gadi a can ya mayar da ni ƙofar da na shigo, har sai da na iske wani ɗan ɗaki a bayan wurin ajiye motoci wanda ba a rubuta komai a jikinsa ba sai kalmar tsaro. Mai gadin da na tarar ya karɓe ni da mutunci, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce shi yanzu ya karɓi aiki, akwatin ajiya a kulle yake, mabuɗin kuma yana hannun shugabansu, wanda suke kira mushrif, kuma ba zai zo ba sai gobe bayan La'asar tun da Juma'a ce. Na roƙe shi ya duba littafi kawai ya gaya mini ko an kawo wata jaka, ya ce littafin ma yana cikin akwatin. Wannan shi ne babban aibin da na gani a tsarin, kuma ba ƙarami ba ne, domin matar da jirginta zai tashi bayan kwana biyu ta kwana ba ta runtsa ba, ba tare da maganinta ba, alhali kalma ɗaya daga littafin nan ta isa ta kwantar mata da hankali. Kulle kaya daidai ne, amma littafin rajista ya kamata ya zauna a hannun duk wanda yake kan aiki.

Washegari muka koma tare da ita, kuma daga nan ne ra'ayina ya fara sauyawa. Mushrif ɗin, wani dattijo mai natsuwa, ya ba Gwaggo kujera da ruwan sanyi, amma bai nuna mana komai ba, bai kuma ce an samu ko ba a samu ba. Ya buɗe littafi ya ce mai kaya ta siffanta kayanta, ni kuma in yi tafinta ba tare da na ƙara ko na rage ba. Ya tambayi launin jakar ta ce baƙa ce ta fata, ya tambayi girmanta ta gwada da tafin hannu biyu, ya tambayi inda muka zauna da lokacin da muka tashi. Daga nan sai ya ɗaga kai ya ce, "Ya Hajja, da me ake buɗe ta?" Gwaggo ta ce marikin zif ɗin ya karye tun a Kano, sai ta ɗaura masa wani koren zare da ta yago daga bakin tsohon ɗankwali. Ban gama fassarawa ba ya miƙe ya buɗe akwatin ya ɗauko jakar, ga koren zaren nan yana reto.

Gwaggo, wadda ta yi karatun littattafai a gaban mahaifinta, ita ce ta fara lura da abin da ya faru, ta ce mini, "Ka ga, ɗan nan, hukuncin tsintuwa ne ya yi mana." Hadisin Zaidu ɗan Khalid al-Juhani take nufi, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da tsintuwa, ya yi umarni da a san mazubinta da maɗaurinta, sannan a yi cigiyarta shekara guda. Mazubi da maɗauri su ne ainihin abin da mushrif ya tambaya, kuma hikimar a fili take, domin kowa yana iya cewa ya yar da baƙar jaka, amma koren zaren sai wanda ya ɗaura shi. Na yaba wannan tsanani ƙwarai, ko da yake a lokacin da ake yi zuciyata tana ta bugawa.

Ya juyo mana da littafin muka gani. An rubuta cewa wani mai shara ne ya kawo jakar ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in, an buɗe ta a gaban mutum biyu, an lissafa abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, duka biyun sun sa hannu. Ya sa Gwaggo ta ƙirga kuɗinta a gabansa, ta ƙirga sau biyu, riyal 640 cif, har da 'yan takardun naira da ta manta ta ambata. Sai dai babu fasfo. Na ga fuskarta ta sauya, kafin mushrif ya nuna mana layi na ƙarshe a shafin, inda aka rubuta cewa an miƙa fasfon ga 'yan sandan unguwar, domin su ba sa riƙe takardun hukuma, ko fasfo ne ko igama, wato katin izinin zama a ƙasar, ko lasisin tuƙi. Ya rubuta mana lambar rajistar a 'yar takarda, ya duba igamata ya rubuta lambarta a matsayin wanda ya rako mai kaya, muka sa hannu.

A ofishin 'yan sanda ba mu yi rabin sa'a ba. Jami'in ya dubi hoton ya dubi fuskarta, ya nemi bizar Umra na nuna masa a waya, ta dangwala hannu aka ba ta fasfo. Wanda bai taɓa rasa fasfo a ƙasar waje ba ba zai san girman abin da muka tsallake ba, domin da bai fito ba sai mun shigar da rahoton ɓata, mu je ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda neman takardar tafiya ta gaggawa, mu kuma daidaita batun fita da hukumar shige da fice, wato Jawazat, duk a cikin hutun ƙarshen mako, kuma da wuya tikitin Lahadi ya tsira. Mazaunin ƙasa yana da ɗan sauƙi idan igamarsa ce ta ɓace, tun da akwai kwafinta a manhajar Absher, amma baƙon Umra fasfo ɗin nan shi ne komai nasa.

Aibi na biyu da zan ambata shi ne cewa ajiya kawai aka yi, ba a yi cigiya ba. A aljihun jakar akwai katin masaukinta na Makka ɗauke da lambar waya ta ƙasar nan, an ma rubuta shi a jerin kayan, amma babu wanda ya kira. Hadisin da ya koyar da tambayar maɗauri shi ne kuma ya yi umarni da cigiya, saboda haka rabin aiki aka yi da kyau aka bar rabi. Da ban koma da kaina ba, da jakar tana nan tana jira, mai ita kuma tana Kano.

Wannan batu ya fi damuna ne saboda yadda zamanmu ya sauya. A da, lokacin da Hausawan Jidda suke cunkushe a Karantina da Sabil da Gulel, cigiya ba ta buƙatar ofishi, domin in yaro ya tsinci lalita sai a kai wa liman ko wani dattijon unguwa, a faɗa a ƙofar masallaci bayan an idar da salla, kafin Magariba labari ya zaga wurin masu tsire da masu shayi, mai kaya ya bayyana. A ƙofa ake yi ba a ciki ba, saboda hadisin Muslim da ya hana cigiyar abin da ya ɓace a cikin masallaci. Tun da aka fara rushe tsofaffin unguwanni a ƙarshen 2021 zuwa 2022, mutanenmu sun warwatsu cikin birni da wajensa, kuma wanda ya tsinci kayanka a lambu yau mai yiwuwa bai san ko harshenka ba. Ɗan ɗakin nan na bayan wurin ajiye motoci shi ne ya gaji aikin liman da dattijon unguwa, don haka ya cancanci allo babba a bakin ƙofa.

Masu zuwa Umra su lura kuma cewa Makka tana da nata hukunci, domin ya tabbata a hadisi cewa tsintuwarta ba ta halatta sai ga mai cigiya. Sanannen ra'ayi a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne daidai take da ta sauran garuruwa, Shafi'iyya kuwa suna ganin ba a mallakarta ko shekara nawa aka yi. Ko wane ra'ayi mutum ya bi, alhajin da zai bar gari bayan mako biyu ba shi da halin cigiyar shekara, shi ya sa mafi aminci shi ne ya miƙa abin ga ma'aikatan Harami, waɗanda suke da ofisoshin mafƙudat domin wannan aiki.

Kafin mu bar lambun Gwaggo ta dage sai ta ga wanda ya tsinci jakar. Aka kira shi, wani matashi ɗan Bangladash sanye da rigar aiki da ta jiƙe da gumi, yana riƙe da tsintsiya, yana ta kallon mushrif kamar wanda ake zargi da laifi. Ta zaro riyal 50 ta miƙa masa tukuici ya ja da baya yana girgiza kai, sai da shugabansa ya yi masa alama sannan ya karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana sa masa albarka da Hausa, tana cewa Allah ya tsare masa nasa kamar yadda ya tsare mata nata, Allah ya mayar da shi gaban iyayensa lafiya, shi kuma yana amsawa da amin a duk inda ta numfasa, ko da yake bai ji ko kalma ɗaya ba.

Hukuncina shi ne ta fuskar amana da rubuta kaya ban ga abin kushewa ba, ta fuskar tantance mai kaya sun yi abin da ya dace, amma wajen sauƙin samun su da neman mai kaya akwai gyara sosai. Wanda abu ya ɓace masa ya koma wurin a daren, ya nemi ɗakin tsaro, ya tambayi lokacin zuwan mushrif, ya zo da mai kayan da wanda yake jin Larabci, ya kuma riƙe wata alama ta kayansa da ba a gani daga nesa. Mako biyu bayan Gwaggo ta sauka Kano lafiya na koma lambun da takarda guda da na buga, mai ɗauke da kalmar mafƙudat da Larabci, a ƙarƙashinta kuma "Kayan tsintuwa da cigiya" da Hausa, tare da fassarar Urdu da Bangali da wasu abokan aikina suka rubuta mini. Mushrif ya karanta ta, ya ce liƙa allo ba a hannunsa yake ba sai ya nemi izini daga sama, sannan ya ninke ta ya sa a cikin littafin rajista.