Dashen ƙungiya ko na ɗan kasuwa: wanne ya kamata ka saya a Damagaram?

Da Yuli ya kama ruwa ya zauna, dashen itatuwa sai ya cika Damagaram: a bakin titi, a kan amalanke, ranar Alhamis har kasuwar Dole. Kowa na shirin 3 ga Agusta, ranar da tun 1975 Nijar ke dasa itace a cikinta. Lokacin ne kuma tsohon ƙorafin nan ke tasowa tsakanin masu gandun dashe na kasuwanci da ƙungiyoyin mata da matasa, waɗanda ke sayar da nasu da araha, wani lokacin ma su raba kyauta.

Mai gandu cewa yake an karya masa kasuwa. Leda shi ya saya, taki shi ya saya, ruwa kuwa a garin nan kowa ya san tsadarsa. Ya kwashe rani yana ban ruwa da kuɗin aljihunsa, sai ga ƙungiyar da furoje ya ba iri da leda ta ajiye nata kusa da nasa a farashin da ko kuɗin ruwansa bai kai ba. Matan ƙungiya kuma cewa suke ba su hana kowa cin abinci ba, talakan da ke sayen nasu dama can ba zai je wurin mai gandu ba. Kowa da gaskiyarsa, amma kai mai saye ba alƙali ba ne. Abin da ya dame ka shi ne irin itacen da kake so.

In inuwa kake nema, ko shinge, ko ganyen miya, tafi wurin ƙungiya kai tsaye. Dogon yaro, zogala, lalle, bagaruwa, dakwara, kuka, tsamiya, duk daga ƙwaya ake tsirar da su, ba su buƙatar wata gwaninta mai zurfi. Ba dalilin biyan ninki a kansu. Gandun ma'aikatar kula da daji ma yakan samu irin waɗannan, sai dai kusa da bikin 3 ga Agusta makarantu da ofisoshi kan riga kowa kwashewa.

Itacen marmari ne ke da magana. Mangwaron da aka tsirar daga ƙwallo yakan kai shekara shida ko fiye kafin ya yi ƴaƴa, kuma ba lalle ya gado uwarsa ba. Mai aure, wato wanda aka ɗaura masa reshen wata uwa mai kyau, irin su Kent da Amélie, cikin shekara uku zuwa huɗu ya fara. A leda kuwa, ga wanda bai sani ba, kamarsu ɗaya. Nan nake ganin kuɗin mai gandu ya halatta, don aure aikin hannu ne, kuma wanda sana'arsa ke nan gobe ma yana nan za ka same shi ka yi masa ƙorafi. Ƙungiyar da furoje ya kafa, da yawa in furojen ya naɗe tabarma ita ma sai ta watse. Ba duka ba, akwai matan da aka koya wa aure suka iya shi sosai, musamman na magaryar nan mai manyan ƴaƴa da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa. Amma sai ka duba da idonka.

Ga yadda ake dubawa. Tsuguna ka nemi wurin auren, kamar taƙi ɗaya ko biyu daga bakin leda. Za ka ga tabo, ɗan kumburi, wani lokaci da sauran ledar ɗauri, launin ɓawon sama ya ɗan bambanta da na ƙasa. In kara ya tafi sumul daga ƙasa har sama, ba aure, ko me mai shi ya rantse da shi. Sannan ɗaga ledar. In ta ƙi tasowa, saiwa ta huda ta shiga ƙasa, cire shi zai tsinke ta. In ka latsa gindin ledar ka ji tauri kamar gammo, saiwa ta naɗe, dashen ya kwana biyu, ajiye shi. Kada tsawo ya ruɗe ka: gajere mai kauri da ya saba da rana ya fi dogo siriri da ya tashi a inuwa. Ka kuma yi tambaya ɗaya: "Malam, ina uwar da aka yanko wannan?" Na kirki zai ce maka tana garkarsa, a Mirya ko wani wuri, ka zo ka gani. Wanda ya saro kawai sai ya hau kame-kame.

Dabino ya fi kowanne cin amana. Akwai namiji akwai mace, kuma wanda aka shuka daga ƙwallo ba a sanin ko wanne ne sai ya yi fure bayan shekaru. Dabinon leda mai araha, ko na ƙungiya ko na ɗan kasuwa, caca ce. Ɗan da aka ciro daga gindin mace mai haihuwa ake nema, shi ya sa masu garkar dabino a wajen Gidimuni suka fi kowa dacewa da wannan cinikin.

Mai gona kuwa, kafin ya kashe ko dala, ya fara duba kututturan da ke tohowa a gonarsa. Gawon da ya rufe gonakin Magarya da Matamai da Mirya yawancinsa ba dasa shi aka yi ba, sassabin zamani ne: a bar toho, a rage rassa, a kare shi daga dabba. Saiwarsa ta riga ta yi nisa, ba ya jiran bokitin kowa.

Kome ka saya, haƙa raminka tun kafin ka je, ka zuba ruɓaɓɓen taki, don ɗanye gara yake kira. Ka dasa kafin Agusta ya raba, itacen ya samu sauran damina. Cikin lissafinka ka sa kuɗin kewaye shi saboda awaki da kuɗin ruwan Maris zuwa Mayu. In bokitinka na itace uku ne, uku za ka ɗauka, ko da Hajiya shugabar ƙungiya ta ce ƙara goma kyauta ne.