Hattara da mai sayar da tsoffin idanun kyamara na tagulla

Salamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar hoto. Na yi kwana biyu ina jinkirin rubuta wannan saboda kunya, amma jiya na ga mutumin nan ya sake fitowa da wani sabon suna, shi ya sa na ce gara a yi mini dariya da a ƙara cutar wani.

Wata uku da suka wuce ya saka hotunan wani idon kyamara na tagulla a zauren da muke saye da sayar da kayan aiki. An shimfiɗa shi a kan koren ƙyalle, a jikinsa an zana J. H. Dallmeyer, London, 3B. Ya ce na kakansa ne, wai wani Bature ya bar masa, yanzu kuma rashin lafiyar mahaifiya ta sa zai rabu da shi. Duk wanda ya taɓa sha'awar manyan kyamarorin nan masu zugazugi, waɗanda ake shiga cikin baƙin mayafi a duba hoto a kife, ya san wannan suna. Dallmeyer ya buɗe kamfaninsa a Landan a 1860, kuma 3B na cikin idanun ɗaukar fuska da ake rububinsu har yau. Ni kuwa ina da tsohuwar kyamara mai cin fim inci 4 da 5, na daɗe ina neman irin wannan. Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin abin da nake gani a kasuwannin waje ba. A nan ya kamata in tsaya, amma kwaɗayi ya rufe mini ido.

Bakinsa zuma. "Alhaji, kai na ga ka san darajar abin, ba na so ya faɗa hannun 'yan gwangwan." Sai kuma ya ce akwai wani a Legas da ke jira, in ban ba da kafin alƙalami a daren nan ba, shi ke nan. Na tura rabi. Da ya nuna mini hoton kwali a hannun direba a tasha, na cika sauran.

Tun daga nauyin kwalin gabana ya faɗi. Dallmeyer 3B na gaske ƙato ne, faɗin gilashinsa na gaba ya haura inci 3, nisan da yake tara haske kuma tsakanin inci 11 da 12 ne. Abin da na zaro bai fi gwangwanin madara ba. Sai a lokacin na lura cewa a duk hotunan da ya saka babu hannu, babu ma'auni, babu ko kwalin ashana a gefe da zai nuna girman abin.

Na kai wa wani dattijo da ya yi zamanin kyamarar katako, irin wadda ake wanke hoto a cikinta nan take. Bai ko kalli sunan ba. Ya fita tsakar gida, ya saita idon ga wata bishiya can nesa, ya riƙe farar takarda a baya yana matsar da ita har bishiyar ta fito sarai a kife, sannan ya auna da tef ɗin tela. Wajen inci 6. Ya ce, "Ɗana, wannan ai idon majigi ne."

Abin da yake nufi shi ne fitilar haska hotuna a bango ta zamanin da, wadda daga sunanta na Turanci ma muka samo kalmar majigi. An ƙera irin waɗannan idanu da yawan gaske, akasarinsu babu sunan kowa a jiki, kuma tsarin gilashinsu iri ɗaya ne da wanda Joseph Petzval ya lissafa a birnin Biyana a 1840, wanda kamfanin Voigtländer ya fara ƙerawa. Shi ya sa damfarar take tafiya: abin tsoho ne da gaske, tagullar ma ta gaske ce, har yana iya fitar da hoto. Suna kawai aka ɗora masa don kuɗinsa ya ninka.

Da muka sa madubin ƙara girma a kan rubutun, sai ga cikin haruffan yana walƙiya kamar jiya aka yanka, alhali sauran jikin ya dafe. Rubutun da ya shekara 150 yana tsufa tare da ƙarfensa, dauɗa tana shiga ramin ta zauna. Haruffan nan kuma duk zurfinsu ɗaya, tsayinsu ɗaya, aikin inji ƙarara, ba irin zanen hannu mai lanƙwasa na wancan zamani ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsagar da ke tsakiya. Idanun ɗaukar hoto na wancan lokaci suna da wata tsaga da ake zura ɗan faranti mai huda don rage haske, dabarar da John Waterhouse ya fito da ita a 1858. Idon majigi ba ya buƙatarta, don haka galibi ba shi da ita. Mai sayarwar nan zarto ya sa ya yanka tasa. Bakin tsagar yana kama yatsa, kuma da na kwance gilashin gaba na tarar da garin tagulla a kwance a ciki. Ko hure shi bai yi ba.

Akwai gwajin da dattijon ya koya mini wanda da na san shi da ban yi asara ba, kuma ana iya sa mai sayarwa ya yi shi a bidiyo. A kwance rukunin gilashin gaba da na baya, a haska kowanne da tocilan ɗin waya, a ƙirga ɗigon hasken da ke dawowa. A tsarin Petzval, na gaba gilashi biyu ne a manne, zai ba da ɗigo biyu masu ƙarfi da ɗaya mai rauni. Na baya gilashi biyu ne da iska a tsakaninsu, zai ba da huɗu masu ƙarfi. In gaba da baya duk sun ba da biyu da ɗaya, to wani tsari ne dabam, mai yiwuwa Rapid Rectilinear da Dallmeyer ya fitar a 1866, wanda yake da kyau amma ba ya shan haske da yawa kuma ba shi da tsada haka. Nawa ya cika ƙirga. Wani abokin sana'a da ya saya a hannun mutumin nan kafin ni, nasa na baya ɗigo biyu kacal ya ba da, ashe gilashi ɗaya ya ɓace tun tuni. A duba kuma gefen gilashin gaba. Da ƙaron wata bishiyar Kanada ake manne su, in ya tsufa yakan yi rawaya ko ya fara ɓarewa daga baki, kuma masu irin wannan ciniki sun iya ɗaukar hoto ta inda ba za a gani ba.

Da na kira mai sayarwar, bai musa ba, bai kuma amsa ba. Sai ya ɓullo da zance na biyu: wai matsalar rashin adafta ce, yana da wanda zai ɗaura idon kai tsaye a kan kyamarata ta dijital, in ƙara kuɗi ya aiko. Kada kowa ya biya wannan. Waɗannan idanu ba a yi su da baki irin na zamani ba. Kowanne yana zuwa da zoben tagulla nasa da ake kafawa da kusoshi a kan allon gaban kyamara, sannan a murɗa idon a ciki, kuma zaren murɗin wannan kamfani ba lallai ya hau na wancan ba. In zoben ya ɓata, sai dai a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su auna su yi sabo. Nawa babu zobe, bai kuma faɗa mini ba. Ko an samu an ɗaura shi a kan dijital da bututu ko zugazugi, juyawar nan ta bayan hoto da ake so a Petzval a gefe-gefe take fitowa, ƙaramin filin ɗaukar hoto na dijital mai milimita 36 da 24 kuwa tsakiya kawai yake kamawa. Ka sha wahala ka tashi da hoto na yau da kullum.

Na ce ya dawo mini da kuɗina in mayar masa da kayansa. Ya ce, "In sha Allahu gobe, Alhaji." Washegari lambar a kashe. Na kai ƙara inda ya dace, ina jira.

Idon dai yana nan. Na sa kafinta ya yanka mini allon filawud, na ɗaure shi ta baya da kilif ɗin tiyon mota. Ba shi da abin buɗewa da rufewa, sai in cire murfi in ƙirga in mayar. In na ɗauki fuska daga kusa yana yin abin kirki, amma in na saita nesa kusurwoyi huɗun fim ɗin duk baƙi suke fitowa, don inci 6 na irin wannan tsari ba ya cika inci 4 da 5.

A sabon tallan da na gani jiya, sunan da ke jikin tagullar Voigtländer ne, kakan kuma ya koma kawu. Amma koren ƙyallen bai canza ba, har da ƙunar dutsen guga a kusurwarsa ta hagu. Duk wanda ya yi magana da shi ya ce masa ya riƙe idon a hannu kusa da tef, ya nuna zoben, ya haska gilashin a bidiyo kai tsaye. Wanda kuma ya riga ya tura masa kuɗi ya ajiye shaidar turawar ya neme ni, mu uku ne yanzu.