Sharhi kan keken gwanjon da ya kai ni daga Kumasi zuwa Paga

Tun da na dawo daga tafiyar da na yi a watan Janairu, 'yan'uwa da dama a unguwannin Aboabo da Asawase na birnin Kumasi a Ghana suke tambayata ko keken da na hau ya cancanci a saya domin irin wannan doguwar hanya, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani dalla-dalla. Dalilin tafiyar shi ne tara kuɗin kwanon rufi na azuzuwa biyu a makarantar Islamiyyar unguwarmu, waɗanda iskar damina ta yaye. Jama'a sun yi alkawarin bayar da wani abu a kan kowace kilomita da na tuƙa, suna turawa ta MoMo, wato hanyar tura kuɗi ta waya, zuwa wayar ma'ajin kwamitin makarantar, don haka duk ranar da keken ya tsaya, taron kuɗin ma ya tsaya.

Keken da na saya tsoho ne na gwanjo, jikinsa ƙarfe ne, tayoyinsa inci 26, giyarsa 21 ta kamfanin Shimano. Na same shi a wani ɗan shago a nan Kumasi wurin wani dattijo da ya daɗe yana wannan sana'a. Da farko idona yana kan wani na aluminiyum mai sheƙi da birkin faifai, amma da na gaya masa inda zan nufa sai ya girgiza kai ya ce: "Malam, ka ɗauki wanda ko yaron mai faci a ƙauye zai iya kwancewa ya ɗaure." Na ce masa: "Baba, nauyinsa fa?" Ya ce nauyi ba ya hana isowa, rashin kayan gyara ne yake kwantar da mutum a hanya. Na bi shawararsa, na kai keken Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda a Kumasi, aka yi wa kariyarsa ta ɗaukar kaya walda aka ƙara mata ƙarfi, aka sake giris a boris ɗin ƙafafu biyu.

Hanyar ita ce babban titin N10, daga Kumasi ta Offinso da Techiman da Kintampo zuwa Tamale, kusan kilomita 380, sannan a miƙe ta Walewale da Bolgatanga da Navrongo har Paga, bakin iyakar Burkina Faso. Kwana takwas na yi, har da ranar Juma'a da na huta a Tamale. A kwana biyun farko, cikin hawa da gangara na ƙasar Asante da Bono, giyar ce ta nuna darajarta. Ina ɗauke da kaya da ruwa a baya, amma babu tudun da ya sa na sauka na tura, kuma sarƙa ba ta taɓa zamewa ba ko da na canza giya a tsakiyar hawa. Na yaba wannan ƙwarai, domin giya mai gardama tana cinye ƙarfin mutum fiye da tudun kansa.

Inda na fi sanin amfanin jikin ƙarfe shi ne bayan Kintampo, inda daji ya buɗe, garuruwa suka yi nisa da juna. Wannan titi shi ne na manyan motocin da suke kai kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Burkina Faso da Mali da Nijar, kuma idan tirela ta taso a bayanka ba ka da zaɓi sai ka sauka gefe, cikin tsakuwa da ramuka da jar ƙasa. Na yi irin wannan saukar sau da yawa a kowace rana, wani lokaci da gudu, amma keken bai taɓa karkacewa ba, kuma ƙarfen yana shanye girgizar ta yadda kafaɗuna da wuyan hannuna ba su sha wahala sosai ba. Ga kuma hunturu, wanda iskarsa take busowa daga arewa maso gabas, wato tana dukan fuskar duk wanda ya nufi arewa. A irin wannan iska nauyin keken ya zama taimako, domin ko tirela ta wuce da guguwarta ba ya tangaɗi.

Amma akwai abubuwa biyu da suka ba ni wahala, kuma bai kamata in ɓoye su ba. Na farko shi ne sirdi. Mai laushi ne da soso mai kauri, irin wanda yake da daɗi a zirga-zirgar cikin gari, amma bayan awa huɗu sai sosan ya lotse ya fara gurje jiki, har da na isa Buipe, bakin kogin Baƙin Volta, zama a kansa ya zama jarrabawa. Sai a Tamale na sayi wani siriri mai tauri, daga nan ne na samu sauƙi. Wanda zai yi wannan tafiya ya canza sirdi tun a gida, ya saba da shi na makonni kafin ranar tashi.

Na biyu ita ce ƙafar baya. Tayar da ta zo da keken mai araha ce, ta yi faci sau uku tsakanin Kintampo da Fulfulso, kuma kafin in kai gadar Yapei a kan kogin Farin Volta sifoku biyu suka tsinke, wili ya fara gogar birki. A nan ne maganar dattijon nan ta tabbata. A ƙarƙashin wata bishiya a bakin hanya na samu wani mai gyaran keke wanda kayan aikinsa ba su wuce sifana da filaya da tsohon famfo ba, ya duba cikin buhunsa ya fito da sifoku daidai da nawa, ya daidaita wilin da ido da yatsa cikin ƙasa da awa ɗaya. Da ya ji dalilin tafiyata, da 'yar Hausar da yake ji, ya ƙi karɓar ladan aikinsa, ya ce a sa a kuɗin rufin. Da a ce keken birkin faifan nan na ɗauko, ina jin sai dai in ɗora shi a mota zuwa Tamale, a yanke kilomitocin da jama'a suka yi alkawari a kansu.

A Tamale, garin da keke yake abin hawan malamai da 'yan kasuwa da mata masu zuwa kasuwa, na sayi sabuwar taya mai kauri na saka a baya, kuma daga nan har Paga, kusan kilomita 200, ban sake tsayawa domin gyara ba. Birkin roba ne na gargajiya, ya yi aikinsa, sai dai ƙurar hunturu tana cin robar da sauri, don haka ya kamata a tafi da guda biyu na ajiya. Sarƙar ma tana buƙatar a goge ta a ɗiga mata mai kowace yamma.

Hukuncina shi ne keken ya cancanci kuɗinsa, har ya zarce, ga duk wanda zai bi hanyar arewa, da sharaɗin a canza sirdi da tayar baya, a kuma sa gwani ya ɗaure sifoku kafin a ɗora kaya. Mai neman gudu ko tsere ba zai ji daɗinsa ba, domin yana da nauyi. Kuɗin da aka tara ya isa rufe aji ɗaya gaba ɗaya da rabin na biyu, kwamiti kuma yana neman cikon kafin ruwan farko ya sauka a Kumasi. Keken yana nan a zauren gidanmu, kuma wani matashi daga cikin malaman makarantar ya riga ya nemi aron sa domin ya yi Kumasi zuwa Salaga ya tara ragowar kuɗin.