Dillalin da ya ci la'adar haɗa ni da kansa a Madinat Nasr

Na daɗe ina son rubuta wannan, abin da ya hana ni shi ne ban gama tsayar da zuciyata a kan mutumin ba. Akwai ranar da zan tuna shi in ce Allah Ya saka masa da alheri, akwai kuma ranar da zan ci karo da takardun nan a cikin jaka in ji raina ya ɓaci har dare. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi na ofishinsa ba. Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya Alƙahira ya san irinsu: ɗan shago a ƙasan bene, tebur ɗaya, kujeru uku, da waya biyu da ba sa daina ƙara. Su simsar suke ce masa, mu dillali.

Kwana kaɗan bayan Babbar Sallar 2024 na kai Hajiya, mahaifiyata, aikin gwiwa a Alƙahira. Likita ya ce bayan tiyata sai ta yi aƙalla wata biyu tana gashin ƙashi, don haka zaman otal ba namu ba ne. Gida muke so mai kaya a ciki, wanda suke kira mafrusha, a unguwar Madinat Nasr kusa da asibiti. Wani yaro ɗan unguwarmu da ke karatu a can shi ya tarbe mu a filin jirgi, shi kuma ya kai ni wurin mutumin. Ya ce, "Yaya, wannan namu ne, duk Hausawan da ke zuwa magani shi ke sama musu gida." Da ɗan gari akan ci gari, sai na saki jiki.

Gaskiya ɗaya ce, ranar farko ya burge ni. A motarsa ya zagaya da ni, daga wajen Abbas al-Akkad har bayan Mustafa an-Nahhas, gida biyar muka gani cikin zafin da ya fi na Kano a watan Afrilu, bai ƙosa ba. Ya sayo min ruwan rake mai sanyi, ya hana ni biya. Daren da aka sallamo Hajiya ciwo ya tasar mata wajen ƙarfe biyu, na kira shi ina jin nauyi, ya taso da jallabiyar barcinsa ya kai ni kantin magani mai kwana a buɗe. Wannan ban manta ba, kuma da a wancan makon aka tambaye ni da tauraro biyar zan ba shi.

Sharaɗi ɗaya na kafa masa, na kuma maimaita sau uku: Hajiya ba za ta iya hawa bene ba. Ya ce gidan ƙasa babu, lokacin zafi ne, Larabawan Saudiyya da Kuwait sun cika gari, ga 'yan Sudan da yaƙi ya koro tun Afrilun 2023 sun kama duk wani ɗaki mai araha. Wannan ba ƙarya ya yi ba, da idona na ga yadda ake rububin gidaje. Sai ya nuna min wani a hawa na shida, ɗaki biyu da falo, da lifta. Na ce ai na ji ana ɗauke wuta kullum a garin nan. Ya dafa ƙirji ya ce, "Ya Hajj, ginin nan layinsu ɗaya da asibiti, ba a ɗauke musu." Haya fam 26,000 na kuɗin Masar a wata. Na biya wata biyu a gaba, da wata guda na ajiya da suke kira ta'amin, da wata guda la'adarsa. Fam 104,000 na ƙirga masa a tebur, sama da dala dubu biyu a canjin lokacin, don tun watan Maris na shekarar dala ta tashi daga wajen fam 31 ta doshi 50. Na ce la'adar ta yi yawa a hayar wata uku, a Kano kashi goma cikin ɗari muka sani. Ya yi murmushi ya ce haka tsarin Masar yake. Yaron nan ya gyaɗa kai. Na sa hannu a takarda mai shafi biyu, irin wadda ake sayarwa a shagon littattafai ana cike gurabe da biro.

Washegarin tarewarmu aka ɗauke wuta. Kashegari ma haka. Awa biyu, wata rana uku, kamar kowace unguwa. Na kira shi, ya ce gyara ake yi, "bukra in sha Allah", wato sai gobe. Sai muka koyi tsara fitarmu da lokacin ɗaukewar.

Ranar da abin ya faru an tsayar da mu a wurin gashi, muka dawo a makare, muna sauka daga tasi wuta ta tafi. Hajiya tana dogara ƙarfen nan mai ƙafa huɗu, ɗinki ko warkewa bai gama ba, zufa na zuba a fuskarta. Na dubi matakalar, na dube ta. Ta ce, "Kada ka soma, ba za ka goya ni ba." Matar mai gadin ginin, bawwab kamar yadda suke cewa, ita ta fito da kujerar roba daga ɗan ɗakinsu na ƙarƙashin matakala, ta ɗora ƙafar Hajiya a kan bokiti da ta kife, ta riƙa yi mata fifita da kwali. Mutanen Sa'id ne, kudancin ƙasar, ba su da komai, amma shayi suka dafa mana. Awa biyu da rabi mahaifiyata ta yi a zaure, jama'a na wucewa suna kallonta. Ita ba ta ce uffan ba sai tasbihi, wannan shirun nata shi ya fi ci min rai.

Muna zaune sai ga wata dattijuwa da ledojin cefane, ita ma liftar take jira. Ta gaida Hajiya, ta yi mata sannu, ta tambayi hawa na nawa muke. Na ce na shida. Ta ce ai gidan ɗanta ne, yana aiki a ƙasar waje, ita ke karɓar masa haya. Ta tambaya ko na'urar sanyaya ɗakin tana aiki, sannan ta ce, cikin tausayi, ta san fam 17,000 da nauyi ga mai jinya, amma komai ya yi tsada. Larabcina na Islamiyya ne, maganarsu ta kasuwa takan kuɓuce min, amma lissafi ba ya kuɓuce wa ɗan Kwari. Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na buɗe waya na rubuta 26,000 na nuna mata. Matar nan ta dafe ƙirji, ta juya ta kalli bawwab, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana gyara tsintsiya.

A daren na ɗauko takardar, na kira wani malami ɗan Zariya da ya daɗe a Azhar ya karanta min ita layi-layi. A gurbin mai bayar da haya sunan dillalin ne. Ashe shi ya kama gidan na shekara daga hannun tsohuwar, yake sake bayarwa ga baƙi irinmu wata-wata. To, wannan kaɗai ba zan kira shi sata ba. Ni ɗan kasuwa ne, na san sari na san riba, wanda ya kama gida ya ɗauki kasadar watannin da zai zauna babu kowa yana da haƙƙin ya ɗora nasa. Da ya ce min gidan a hannunsa yake, ga farashinsa, da na taya, mu daidaita ko mu rabu. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne la'adar. La'ada ladan wanda ya haɗa mai kaya da mai saye ce. Wa ya haɗa ni da shi? Ya tsaya a gabana yana kiran waya, wai yana roƙon mai gida ya rage min daga 28,000, har yana ɗaga murya yana cewa "baƙi ne, mara lafiya ce, ka ji tsoron Allah". Da wa yake magana a wayar nan? Wannan tambayar ita ke hana ni barci.

Da na je ofishinsa da safe ko gezau bai yi ba. Ya sa aka kawo shayi, ya ce, "Ya basha, ka ga gida, ka yarda, ka sa hannu. Na tilasta maka?" Maganar layin asibiti kuwa cewa ya yi shi ma haka aka gaya masa. Na ce zan kai ƙara. Ya buɗe hannuwa ya ce bismillah. Ya san ba ni da rasit na la'adar, ko ƙwayar takarda ɗaya, don hannu da hannu na ba shi. Malamin nan ya gaya min cewa a 2022 an yi wa dokar dillanci ta 1982 gyara, an wajabta wa dillalan gidaje yin rajista, har da tara da ɗauri ga wanda ya yi sana'ar ba tare da ita ba. Doka tana nan a takarda. A titi kuwa mai gadi dillali ne, mai wanki da guga dillali ne, direban tasi dillali ne, duk wanda ya buɗe shafi a Facebook ya ɗora hotunan falo dillali ne, kuma kowa da abin da yake yanka. Ni da bizar magani da tsohuwa a kan gado, wane ofishi zan fara bi?

Sai kuma yaron namu. Shi ne ya fi min ciwo, na rantse. Da na matsa masa ya ce fam 5,000 aka ba shi a cikin la'adar, haka ake ba duk wanda ya kawo mutum. Ya yi ta ba ni haƙuri, "Yaya, wallahi ban san gidan nasa ne ba, kuɗin makaranta ne suka taso." Wataƙila gaskiya ya faɗa. Na san mahaifinsa, na san halin da ɗalibanmu ke ciki a unguwar Hayyul Ashir, shida bakwai a gida ɗaya tun da haya ta haukace. Da ya ce min yana da kaso tun farko, da ni zan ƙara masa da hannuna. Ban gaya wa kowa a gida ba, amma ban sake ɗaukar wayarsa ba sai ana gobe za mu taho.

Wajen 21 ga Yuli gwamnati ta dakatar da ɗauke wutar, lifta ta zauna lafiya, Hajiya ta fara takawa ba ƙarfe. Zuciyata ta ɗan yi sanyi. Na ce a raina to, gidan dai mai kyau ne, da tsabta, ruwa ba ya yankewa, mutumin kuma ya taɓa tashi tsakar dare dominmu. Har na yi niyyar in bar shi da tauraro uku in yafe sauran.

Ranar miƙa makulli ta rushe wannan niyyar. Ya zo da wani yaro riƙe da littafi, suka bi gidan lungu-lungu kamar masu binciken kwastan. Tabo a jikin katifa, wanda na nuna masa tun ranar farko ya ce "ma'alesh", wato ba komai. Labule ya koɗe. Kofi biyu babu. Fenti ya goge a inda ƙarfen Hajiya ke taɓa bango. Kuɗin lifta da na shara, waɗanda kowane wata nake miƙa wa bawwab a hannu. Wutar ma ai ta kati ce, ni nake sakawa, amma sai da ta fito a lissafinsa. Daga ta'amin ɗin fam 26,000, dubu tara ya turo min a tebur. Jirginmu ƙarfe goma na dare, ya sani, tun mako guda ya tambaye ni lokacin tashi wai zai raka mu. Hajiya tana zaune a falo da mayafinta a kafaɗa da carbi, ta ce, "Karɓi, mu tafi, bar shi da Allah." Na karɓa ne don ita.

Tauraro ɗaya na ba shi, shi ma na daren kantin magani ne. Bawwab da matarsa su suka sauko mana da akwatuna har bakin tasi. Hajiya ta ciro turmin atamfa da ta zo da shi ba ta ɗinka ba ta ba matar, suka rungume juna suna kuka, ba mai jin yaren wani. Dillalin bai raka mu ba. Muna cikin mota ya turo saƙo a WhatsApp, hotunan gidan ne da muka fita awa guda da ta wuce, wai in akwai wani ɗan Najeriya mai zuwa magani in ba shi lambarsa.