Littafin hotunan PECS a aji: sai da manya biyu yake fara aiki

Littafin PECS, wato tsarin da yaro ke miƙa hoto don ya roƙi abin da yake so, ƙaramin fayil ne mai zobba da shafukan roba masu kauri da aka manna wa zirin Velcro, abin da ake liƙa kati a kai a kuma ɓalle shi. Akwai katunan hotuna, sai wani ziri da ake cirewa a ƙasa domin haɗa jimla. Andy Bondy da Lori Frost ne suka tsara shi a 1985 a jihar Delaware ta Amurka, domin yara masu lalurar otizim da ba sa magana, ko maganar ba ta biya musu buƙata. Matakansa shida ne, kuma wanda ya sayi littafin bai koye su ba, kundin hotuna kawai ya saya.

Mataki na farko shi ne ginshiƙin aikin. Babba ɗaya zai zauna gaban yaro riƙe da abin da yaron ke matuƙar so, bai ce uffan ba. Da yaron ya miƙa hannu, sai na biyun, daga bayansa, ya taimaka masa ya ɗauki kati, ya miƙa, ya saki a tafin na gaban. Nan take a ba shi abin tare da faɗin sunan abin. A hankali na bayan yake janye taimakonsa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tambayar "Me kake so?" tun daga farko. Yaron zai saba da jira sai an tambaye shi, alhali ana so ne ya fara da kansa. Tambaya sai a mataki na biyar. Wani kuskuren shi ne hana shi abin sai ya furta kalma. Ya riga ya roƙa da katin, a ba shi.

A mataki na uku, inda yake koyon bambance hotuna, a fara da kati biyu: abin da yake so da wanda bai damu da shi ba. In ya miƙa na biyun, shi za a ba shi, sannan a gyara masa.

A makarantar musamman, mai ƙananan azuzuwa da mataimakan malami, farawa ba ta da wuya. A ajin haɗaka kuwa, inda ake haɗa masu lalura da sauran yara, malama ɗaya da ɗalibai da yawa ba za ta iya mataki na farko ba. Gara a kammala matakai biyun farko a wani lokaci na daban, sannan littafin ya shigo aji. Amma a ajin haɗakar ne yaron yake samun abokan da zai miƙa wa kati, muddin an nuna musu yadda za su karɓa.

Aibinsa a bayyane yake. Katuna na ɓata, Velcro na saki, don haka a buga kwafi biyu na kowane hoto a lulluɓe da leda. Kada a kulle littafin a durowa. Ya bi yaron har filin wasa da gida. Bincike ya fi tabbatar da amfaninsa wajen koyon roƙon abu fiye da fitar da magana, don haka kada a yi wa iyaye alkawarin cewa zai buɗe bakin ɗansu.