Sharhi a kan Quran.com: Kusanto da Aya ga Ma'anarta

Duk wanda ya riƙi Alƙur'ani a matsayin jagoran rayuwarsa ya san cewa babban aiki shi ne ɗorewa da karatunsa tare da fahimta, alhali hidimomin yau da kullum suna ta jan hankalinsa. Da wannan ma'auni na auna Quran.com, shafin intanet da ake amfani da shi kyauta, babu tallace-tallacen da za su katse wa mai karatu tunani.

Surori 114 duk suna nan cikin rubutu mai kyau, amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda ma'ana take kusa da hannu. Idan mutum yana karanta Suratul Kahfi ya iso ƙissar Annabi Musa da Halliru, zai iya sanya fassarar Hausa ta marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi a ƙarƙashin kowace aya, sannan idan wata gaɓa ta shige masa duhu, ya buɗe tafsirin Ɗabari, wanda ya rasu a shekara ta 310 bayan Hijira, ko na Ƙurɗubi, ko na Ibn Kasir, ba tare da ya bar shafin ba. A ganina wannan ne ainihin darajarsa, domin yawancinmu a daidai wurin da ma'ana ta ɓace mana muke ajiye karatu, mu ce sai an jima. Sai dai tafsirin Ɗabari da na Ƙurɗubi da Larabci suke, don haka mai ƙaramin sani a harshen zai fi dogara da fassara.

Ɓangaren sauraro ma ya yi kyau, musamman damar maimaita aya ɗaya da muryar makarantan Alƙur'ani irin su Husari ko Minshawi har ta zauna a baki. Akwai kuma tsarin ƙidaya kwanakin da mutum ya jera yana karatu, wanda yake zaburarwa, ko da yake ina jin tsoron kada lissafin ya sha gaban tadabburi, wato zurfafa tunani a kan ma'ana.

Shafin ba zai gyara maka makhraji, wato mafitar haruffa, ba idan ka kuskure, ba zai kuma duba halin da kake ciki ya ba ka shawara ba. Saboda haka ga wanda yake da malamin da yake kai wa karatu na fi yaba shi, ya riƙa yin muraja'a da shi tsakanin darasi da darasi, yana tara tambayoyin da zai kai gaban malamin.